Ranar da Ɗan Tagulla Ya Ɓace a Sembakkudi

Da ƙarfe huɗu na yammacin Talata, Gurukkal, babban mai hidimar haikalin Sembakkudi, ya dawo daga hutun rana, ya tura ƙofar zauren ginshiƙai, sai ya tarar da dakalin Ɗan Tagulla wayam. Jan ƙyallen da aka shimfiɗa masa yana nan, akwatin katakon da ma'aikatan gwamnati suka kawo yana nan, shi ne dai babu.

Ɗan Tagulla mutum-mutumin wani yaro ne mai rawa, ƙafa ɗaya a sama, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Masu ilimi sun ce ya haura shekara ɗari tara a haikalin. Ranar Alhamis aka shirya kai shi birni a kulle a ma'ajiyar gwamnati, don ɓarayin kayan tarihi sun addabi yankin. Shi ya sa aka fito da shi da safe, aka yi masa wanka, aka ajiye shi kusa da akwatin.

Kafin a kaɗa ƙararrawar yamma harabar ta cika maƙil. Mutanen Sembakkudi kuwa ba sa ɓata lokaci wajen neman mai laifi, sun fi ɓata shi wajen neman hujja. Palaniappan, shugaban kwamitin haikali, mai babban shagon zannuwa a bakin kasuwa, shi ya fara ambaton Ilango. Ilango shi ke zagayawa da baƙi wuraren tarihin garin, kuma mutum goma sun gan shi da hantsi tsaye ƙerere, wata baƙuwa na auna Ɗan Tagulla da zare tana zane a littafi. Ga shi kuma ya auri 'yar masu kamun maciji, wanda a idon wasu wannan ma laifi ne da kansa. Nan take maganar ta zauna daram.

Sufeto Arokiyam mutum ne mai sanyin hali, amma hayaniyar ta fi ƙarfinsa. Ya tafi da Ilango ofis, ya ce gobe da tsakar rana motar birni za ta zo. Kowa ya san wanda ya shiga motar nan kan satar kayan haikali sai ya yi furfura kafin ya ga alƙali.

* * *

Sadaiyan yana durƙushe a kunyar gonar shinkafa, yana bin wani kumurci da ya hana manomi sakat, 'yarsa Vennila, matar Ilango, ta iso ido jajir. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya toshe ramin da dutse, ya ce wa manomin macijin zai jira.

Gaskiya dai Sadaiyan bai taɓa son surukinsa ba. Yaron baki gare shi kamar rediyon mai shayi, zai tsaya gaban dutse ɗaya ya yi awa yana zuba sunayen sarakuna. Shi kuwa Sadaiyan tun yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa ya yi shiru ya kalli ƙasa, har ya kai in ya ga jan cikin maciji a rairayi ya san irinsa, ya san ko ya ci ko bai ci ba. Amma mai surutu daban, ɓarawo daban. Ya kuma ga halin da Vennila ke ciki, abin ya taɓa masa zuciya.

Da suka isa haikali Palaniappan ya dube shi sama da ƙasa.

"Maciji muka ce ya shigo mana?"

"Ayya, ƙafa ma tana barin sawu," in ji Sadaiyan. "In ba ku gama tattake shi ba."

Gaban haikalin kam an gama da shi. Sai ya roƙi Sufeto a ja igiya a tsare ɓangaren arewa, inda ba kowa ya bi ba. A can akwai hanyar dutse da ta zagaye ɗakin ibada, sannan fili na rairayi har jikin katanga, sannan ƙaramar ƙofa mai fita lambun furanni. A can ne kuma ɗan ɗakin Sandikesar yake, gunkin da suka yi imani shi ke tsaron dukiyar haikali. Ba ɗan garin da zai fita bai tsaya gabansa ya tafa a hankali ya buɗe tafukansa ba, don ya shaida bai ɗauki ko tsinke ba. Ruwan wankan gumaka na safe da ke fitowa daga ciki, da madararsa da kurkurinsa, a daidai nan yake malala ya bar laka siririya a kan dutsen.

Rana ta riga ta yi ƙasa. Abin da ya fara gani shi ne sawu a busasshen rairayi, ya baro hanyar dutse ya yi kwana mai faɗi, ya bi jikin katanga ya nufi ƙaramar ƙofa. Rairayin ya rufta, ba a gane siffar ƙafar, amma hagu ta fi dama nitsewa. Mai sawun yana ɗauke da abu mai nauyi a kwiɓin hagu. Sadaiyan ya ce a ransa, ɓarawon nan da wayo yake, ya guje wa laka. A cikin lakar kuma ya hango wani sawu marar yatsu, sumul, ya ratsa ya wuce. Palaniappan, da ke leƙe ta bayan igiya, ya ce ai shi ke nan, wa zai sa safa a haikali in ba mai ɓoye ƙafarsa ba?

* * *

Kusa da ƙaramar ƙofa, a rumfar fure, Patti Sornam na zaune tana ƙulla yasmin a zaren ayaba. Shekara hamsin da wani abu tana wannan aikin, har mutane sun daina ganinta, kamar ɗaya daga ginshiƙan wurin. Duk gari Patti, wato kaka, suke ce mata, shi kaɗai ke kiranta Akka, wato yaya. Lokacin da yake yaro, ba a barin irinsu su wuce ƙofar haikali, ita ce amaryar da ke fito masa da shinkafa mai zaƙi a ganye, ta miƙa masa hannu da hannu, ba ta ajiye a ƙasa ba. Shekara hamsin bai manta ba.

Ya tsuguna ya gaishe ta, ta tambayi ciwon gwiwarsa. Ta ce bayan an rufe babbar ƙofa ta ɗan zauna, wajen ƙarfe ɗaya ta fita lambu kamar kullum, ta bar ƙaramar ƙofa a saye kamar kullum, ba ta ga kowa ba. Ya tambaye ta kwaɗon zauren ginshiƙai, ta ce ai kwaɗon nan ya shekara bakwai ba ya kulluwa, Gurukkal maƙala shi kawai yake yi, kuma ba wanda bai sani ba a garin.

"Da gaske za su kai yaron nan birni?" ta tambaya, idonta a kan zare.

Ya ce gobe da tsakar rana. Sai daga baya ya tuna bai tambaye ta wane yaro take nufi ba.

* * *

Washegari da sassafe ya bi baƙuwar. A masauki aka ce ta fita tun asuba, ya bi sawun takalminta na roba ta gefen tsohon tafki, ya wuce giwar dutse da yara suka goge wa baya da zamiya, ya same ta a bakin kogon sarakuna, zaune a kan tabarmar leda tana zana wani ginshiƙi. Malama Basu ce sunanta, tsohuwar malamar makaranta daga Kalkata, kanta fari fat. Harshensu bai haɗu ba, sai mai sayar da ruwan kwakwa a wurin ya shiga tsakani.

Ta yarda ita ce mai safa. Ta tuɓe ɗaya ta nuna masa tafin ƙafarta, duk ƙuna, ta ce dutsen haikalinku da hantsi ya isa a gasa masara. Ta buɗe littafinta, ga Ɗan Tagulla ta gaba da ta baya, ga ginshiƙai, ga giwa, ga wani kare da ke barci a matakala. Ta ce Ilango ya ba ta labarin sarakuna goma sha ɗaya kafin ya bar ta ta sha ruwa, kuma daga haikali tare suka tafi cin abinci, bai yi shiru ba har ƙarfe uku. Sadaiyan ya ce wannan kam ya yarda. Ya tambaye ta ko ta tsaya gaban ɗan ɗakin da ke bayan haikali. Ta ce wane ɗaki?

Daga nan ya biya ta unguwar masu zubin tagulla, don an yi ta raɗa cewa Kumaresan ya taɓa ƙera kwafin Ɗan Tagulla ya sayar wa Turawa. Ya tarar da shi zaune ƙafar dama a naɗe da tsumma, narkakken kakin zuma ya zubo masa kwana uku da suka wuce, da sanda yake zuwa bayan gida. Kumaresan ya ce kwafi kam ya yi sun fi ashirin, kuma in Palaniappan na son ɗaya zai rage masa. Sadaiyan ya sha shayinsa ya fito.

* * *

Ya koma bayan haikali rana ba ta yi sama ba, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana tona duk abin da ƙasa ta ɓoye. Ya hana a zuba ruwan wankan safe ta wannan gefen. Ya kwanta rub da ciki a gaban ɗakin Sandikesar, kuncinsa kusan a kan dutse.

Lakar jiya ta bushe da rubutunta. Ga safar Malama Basu ta ratsa kai tsaye, ba tsayawa, ba kaucewa. Ga ƙafafun Ilango a jere, ya tsaya ya tafa, har ya juya yana yi wa baƙuwarsa bayani ba ta ji ba. Ga faffaɗar ƙafar Gurukkal a kan ta kowa, shi ne na ƙarshe kafin a rufe ƙofa.

Sai ya tashi ya sake duba kwanar da ɓarawo ya yi. Lakar ba ta fi taku biyu ba, ko akuya za ta tsallake ta. Mai gudun laka ba zai yi zagayen taku goma sha biyar cikin rairayi mai zafin ƙarfe ɗaya na rana ba. A daidai inda sawun ya baro dutse kuwa, ƙasa ta lotsa wuri ɗaya, alamar an daɗe a tsaye. Daga nan aka bi katanga a hankali, a ɗan karkace, kayan na ɓangaren da ba ya kallon ɗakin. Ashe ba laka ake gudu ba.

Baƙo ba ya jin kunyar Sandikesar, don bai san shi ba. Ɓarawon kayan tarihi kuwa da ya ji kunyarsa da bai fara sana'ar ba.

Ya dawo kan lakar yana neman ƙafa ɗaya, ƙarama, mai babban yatsa a karkace, wadda ya sani tun yana yaro. Ya same ta ta safe, a ƙarƙashin ta mutane, ta lokacin da aka zo debo ruwa. Amma ta lokacin da mai ƙafar ta fita da ƙarfe ɗaya, wadda ya kamata ta hau kan ta Gurukkal, ya nema har idonsa ya yi ruwa, babu ita.

Sadaiyan ya zauna a gindin katanga. Baƙin ciki ya cika shi, har ya ji da ma ya tsaya ya ƙarasa aikin kumurcin jiya. In ya yi shiru, mijin 'yarsa zai shiga mota. In ya yi magana, da bakinsa zai kira sunan matar da ta ciyar da shi. Ya daɗe yana juya abin, sannan ya je ya sami Sufeto ya roƙi alfarma ɗaya.

* * *

Ƙarfe goma sha ɗaya aka taru a bayan haikali. Aka kawo Ilango, kwana ɗaya ya rame, kuma abin mamaki bakinsa a rufe. Vennila na bayansa. Ga Malama Basu da safarta, ga Kumaresan da sandarsa, ga Gurukkal, ga Palaniappan yana duba agogo. Patti Sornam na bakin rumfarta da kwandon fure a cinya. Sauran gari suna bayan igiya, wasu a kan katanga.

Sadaiyan bai iya dogon jawabi ba, bai kuma gwada ba. Ya ce shi bai ga fuskar kowa a ƙasa ba. Abin da yake roƙo kawai, duk wanda ya shiga haikalin jiya ya zo ya yi abin da aka saba yi kafin a fita. Palaniappan ya ce wannan wasan yara ne, ɓarawo ma ai yana da tafin hannu. Sufeto ya ce to ya fara, tunda abu ne mai sauƙi.

Palaniappan ya tafa da ƙarfi kamar mai kiran yaron shago. Gurukkal ya tafa. Kumaresan ya jingina sandarsa ya tafa. Aka nuna wa Malama Basu yadda ake yi, ta yi, tana waige-waige. Ilango ya zo ya buɗe tafukansa ya daɗe a haka, hawaye na bin kumatunsa.

"To, an gama," in ji Palaniappan. "Me muka ƙaru da shi?"

Sadaiyan bai kalle shi ba. Ya juya wajen rumfa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Akka, saura ke."

Wasu suka yi dariya, wata mata ta ce mai kamun macijin nan ba shi da kunya. Patti Sornam ta ajiye kwandon, ta miƙe, ta tako har bakin lakar. Ta ɗaga hannuwanta zuwa ƙirji, suka tsaya nan, ba ta tafa ba. Sannan ta sauke su.

"Ba zan yi masa ƙarya ba," ta ce. "Jiya ma ban iya ba. Ku saki yaron mutane."

Ta juya ta fita ta ƙaramar ƙofa, ba wanda ya yi yunƙurin tare ta. Jim kaɗan ta dawo daga bukkar lambu da Ɗan Tagulla a kwiɓin hagu, hannunta tallafe da bayansa. An yi masa wanka, an shafa masa sandal a goshi, ga sabuwar sarƙar yasmin a wuyansa, ta safiyar nan.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta leƙa akwatin nan jiya, ba taga, ba ko huda. Ta tambayi ma'aikatan wa zai riƙa yi masa wanka a birni, suka yi dariya suka ce ai ɗaki ne na ƙarfe, sau ɗaya a shekara ake buɗewa. Ɗanta ɗaya a duniya zazzaɓi ya ɗauke shi yana shekara uku, kuma a watan ne babban mai hidima na wancan lokacin ya ce ta riƙa ƙulla wa wannan furensa. Tun ranar bai kwana ba fure ba. Ta yi niyyar ɓoye shi har motar Alhamis ta zo ta koma. Ba ta zaci za a kama kowa ba, da aka kama kuma tsoro ya ɗaure mata baki. Ta dubi Vennila ta ce ta yafe mata kwanan da mijinta ya yi a tsare.

Sufeto Arokiyam ya cire hularsa ya share zufa, ya tambayi Gurukkal lambun furen nan na waye. Gurukkal ya ce na haikali ne tun zamanin sarakuna, yana rubuce a jikin dutse.

"To, kayan haikali dai bai bar ƙasar haikali ba," in ji Sufeto. "Ni ban ga abin da zan aika birni ba. Gurukkal, ka sayi kwaɗo."

Ilango ya zo ya faɗi a ƙafafun surukinsa, ya fara godiya, daga ji kuma doguwa ce. Sadaiyan ya ɗaga shi ya ce ya tafi gida ya ci abinci. Bai ji daɗin komai ba, don akwatin yana nan inda yake, kuma gobe Alhamis.

Patti Sornam da kanta ta kai Ɗan Tagulla zaure. Ta gyara jan ƙyallen, ta zaunar da shi, ta daidaita masa furen da ya karkace. Ta roƙi Gurukkal in za a rufe akwatin kada a cire masa sarƙar, ya ce ba za a cire ba.

Mutane suka watse, rana ta take. Sadaiyan na kwance igiyar da aka ja, ya ga ta fito ta biyo hanyar dutse a hankali. Wannan karon ba ta kauce ba. Ta tsaya gaban Sandikesar, ƙafafunta biyu a jere, ta tafa sau ɗaya, ta buɗe tafukanta.

"Ga su nan," ta ce. "Yanzu kam ba ni da komai."

Ta fita ta ƙaramar ƙofa. Gurukkal ya sa aka saki ruwan wankan da aka tare tun safe, ya malalo ya rufe sawun jiya duka. Sadaiyan ya naɗe igiyar ya miƙa wa ɗan sanda, ya ɗauki ƙarfen haƙarsa, ya nufi gonar da kumurci ke jiransa.